Launin Amarya: A Taɓa Shi Kafin Biki Ko A Bar Shi?

Da an gama shigar da gero rumbu a ƙasar Magarya da Dungas, sai kakar aure ta buɗe. Daga Bande zuwa Waca, daga Sasumburum zuwa Malawa da Dogo-Dogo, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure ba. Maza suna zaure suna lissafin sadaki da goro da kayan ɗaki. A cikin gida kuwa akwai wata shawara da mata ke yi tsakaninsu, wadda ba ta cika fitowa waje ba: me za a yi wa fatar amarya kafin ranar kai ta? A kan wannan tambaya gidaje sun rabu biyu. Wasu na ganin dole ne a taɓa launin yarinya, a fito da ita da haske ko da wani ja mai ɗaukar ido, yadda duk wanda ya gan ta zai san amarya ce. Wasu kuma na cewa a wanke ta, a shafe ta, a turara ta, amma launin da Allah ya ba ta a bar mata abinta. Kowane ɓangare yana da hujjojin da suka cancanci a saurara.

Ba baƙar amarya kaɗai maganar ta shafa ba. A wannan yanki akwai farare da yawa cikin Hausawa da Fulani da Buzaye da Barebari, kuma farar fata ita ta fi nuna abin da rana ta yi mata: fuska da wuya da hannuwa sun yi duhu, sauran jiki yana nan da farinsa, launi ya rabu biyu. Wata farar ma ba ƙarin fari take nema ba, so take farin ya nuna, ya ɗauki ruwan zinari. A Turai da Amurka kuwa abin a juye yake, domin can amarya duhu take nema, don kada ta fito fayau cikin farar rigar biki. Ko haske ake nema ko duhu, muhawarar ɗaya ce.

Masu goyon bayan taɓa launi suna farawa da tarihi. Gyaran amarya, in ji su, ba yau aka fara shi ba. Tun zamanin kakanni ana kama amarya, a sa ta a lalle, a tsare ta a ɗaki kwanaki, alwanka ta cuɗa mata jiki, a yi mata ƙunshi hannu da ƙafa. Lalle kansa launi yake bari. Daga baya dilka da halawa da zaman hayaƙi suka iso daga Sudan ta hanyar Chadi da Barno, Shuwa da Barebari suka yaɗa su har suka zama ruwan dare daga Maiduguri zuwa Kano da Damagaram. Dilka gari ne da ake kwaɓawa da kayan ƙamshi irin su sandal da kanumfari, a murza a jiki ya kwashe matacciyar fata. Halawa sukari ne da lemun tsami da ake dafawa har su yi danƙo, a cire gashi da su. Kurkum yana barin ruwan ɗorawa na ƴan kwanaki. Hayaƙin itace mai ƙamshi, wanda matan Sudan ke zama a kansa lulluɓe da bargo, ya fi su duka sauya kama, domin yana bar wa farar mace wani ja mai sheƙi. Idan al'ada ta karɓi waɗannan duka, kuma addini ya kwaɗaitar da mace ta yi wa mijinta ado, to daga ina aka samo cewa taɓa launi laifi ne?

Suna kuma kawo maganar adalci ga ƴar karkara. Yarinyar da ta taso a Yekuwa ko Guci ta yi noma, ta yi ɗiban ruwa, ta yi itace, ta yi talla, a ƙasar da zafin bazara kan haura maki 40. Launin da ke fuskarta ranar da aka sa mata rana ba nata ba ne na asali, na wahala ne. Ƴar birni da ke fita cikin mota ba ta san wannan ba. Saboda haka, a ganinsu, ba halitta ake sauyawa ba, abin da rana ta ƙwace ake mayar mata. Wanda ya ce a bar ta yadda take, ya bar ta ne da tabon aikin da ta yi wa gidansu.

Hujjarsu da ta fi nauyi ita ce idon jama'a. Amarya ba don kanta kaɗai take fitowa ba. Dangin miji za su dube ta daga sama har ƙasa ranar buɗar kai. Idan akwai uwargida a gidan, za a gwada su. Hoton da aka ɗauka da waya zai zagaya WhatsApp da TikTok, ya isa wurin ƴan uwa da ke ci-rani a Kano da Agadas da Libiya kafin a share wurin biki. Jama'ar da ke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, ita ce kuma ke juyowa ta zargi yarinya idan ta nemi haske. Masu wannan ra'ayi suna cewa wa'azin "ki yarda da kanki" yana da sauƙi a bakin wanda ba shi za a kai baƙon gida shi kaɗai ba. Amaryar da ta ji ta yi kyau tana shiga ɗakinta da ƙarfin zuciya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a farkon zaman aure.

Sai batun abinci. Gyaran jiki sana'a ce da ke riƙe da mata da yawa, cikinsu har da zawarawa da masu marayu, waɗanda ba su da gona ba su da albashi. A ƙarshe suna cewa hanyoyin da ba su cutarwa suna nan. Turawa da kansu sun samo wani mai da ke ɗauke da sinadarin da ake kira DHA, wanda ke rina matacciyar fatar da ke sama kaɗai, ya ba da duhu na kimanin mako ɗaya sannan ya goge. Mu ma muna da kurkum da jan lalle da ke aiki kusan haka. Idan aka yi wa komai kuɗin goro aka haramta, mata ba za su daina ba, ɓoyewa za su yi, kuma abin da ake yi a ɓoye shi ya fi ɓarna.

Ɗaya ɓangaren ba su musanta tarihin dilka da lalle ba. Abin da suke cewa shi ne, ba shi ake yi yanzu ba. Wanda ya leƙa teburan kayan shafa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko Kasuwar Dole a Damagaram, ko kasuwannin Kano inda ƴan sari ke ɗauko kaya, zai ga abin da ake nufi da gyara a yau: mayuka da sabulai da ƴan bututun magani, wasu da rubutun da mai saye ba ta iya karantawa, wasu an juye su a robobi babu suna sam. Abubuwa uku ne suka fi yawa a cikinsu. Akwai haidrokinon, wanda ke hana fata yin sinadarin melanin da ke ba ta launi kuma yake kare ta daga rana. Idan aka daɗe ana shafa shi sai kumatu su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar fita. Akwai magungunan kortizon masu ƙarfi irin su kulobetasol da betametazon, waɗanda likita ke rubutawa don cutar fata na ɗan lokaci. Idan aka mai da su man shafawa, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage, ƙuraje da makero da kyasbi su samu wurin zama, kuma maganin yana ratsawa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon suga. Sannan akwai zaiba, wato makuri, mai lalata ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Ba ƙaramar matsala ba ce a wannan shiyya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, kashi 59 a Togo, 27 a Senegal, 25 a Mali. Magarya da Dungas kuwa suna jingine ne da Katsina da Jigawa, kasuwa ɗaya ake ci, auratayya ɗaya ake yi, abin da ya yi tashe a Daura ko Gumel ba ya kwana bai tsallako ba. A watan Fabrairu na 2023 shugabar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Kafin nan Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana haidrokinon a kayan shafa a 2016, Ruwanda ta bi shaguna tana kwashe su tun daga 2018. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijar da Nijeriya duk suna cikinta, ta taƙaita zaiba a kayan kwalliya, daga baya a 2023 aka amince a haramta ta baki ɗaya.

Suna kuma jan hankali ga abin da ya faru da masu neman duhu. Shekaru da dama ƴan matan Turai suna shanya jikinsu a rana, ko su kwanta cikin wata na'ura mai fitilu da ke gasa fata, musamman idan biki ya matso. A 2009 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya waɗannan na'urori a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, rukuni ɗaya da taba sigari. Burazil ta haramta su a shekarar, Ostireliya ta rufe shagunan da ke sana'ar daga 2015. Duhun da rana ke sa wa farar fata alamar rauni ce, fata ce ke ƙoƙarin kare kanta bayan an ƙona ta. Darasin a wurinsu a fili yake: mai gasa fata don ta yi duhu da mai kankare ta don ta yi fari kuskure ɗaya suke yi, duka suna yaƙi da garkuwar jikinsu saboda kwana ɗaya.

Akwai kuma tarkon da ke biyo bayan biki. Hasken mai ba ya zama. Ranar da aka daina shafawa launi zai dawo, sau da yawa ma ya fi na da duhu, da dabbare-dabbare, gaɓoɓin yatsu da gwiwa baƙi ƙirin, fuska ja. Amaryar da miji da danginsa suka sani fara sol ba za ta iya komawa ba, sai ta ci gaba da saye, daga kuɗin cefane ko na adashi, shekara da shekaru. Sannan a Nijar, ƙasar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ke yin aure kafin su cika shekara 18, kuma jihar Damagaram tana sahun gaba a wannan, amarya sau da yawa ƙaramar yarinya ce da ba a tambaye ta ba, gwaggo ko yaya ce ta sayo aka shafa mata. Ciki kuma ba ya jimawa. Zaiba tana ratsa mahaifa ta isa ga jariri, tana kuma fita a nono. Fatar da kortizon ya cinye tana wahalar haɗewa idan haihuwa ta zo da tiyata. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Malamai da ke wannan ɓangare suna tunatarwa cewa aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, aya ta 119 a Suratun Nisa'i kuma ta yi gargaɗi a kan sauya halitta, ga kuma ƙa'idar shari'a da ta hana cutar da kai da cutar da wani. Suna ƙarawa da cewa nuna wa mai neman aure launin da ba shi ne na gaskiya ba yana da kamar algus, kuma zaman da aka fara da ɓoye-ɓoye yana da wuyar daɗi.

Idan aka ɗora hujjojin nan a sikeli, za a ga kowane ɓangare yana da inda ya yi rauni. Masu goyon baya sun yi gaskiya a kan matsin da amarya ke ciki, kuma duk wanda ya raina wannan matsi bai san gidan aure ba. Kuskurensu shi ne haɗa kurkum da kortizon a ƙwarya ɗaya da sunan gyara. Maganar mayar wa yarinya launinta na asali ma, idan aka bi ta da kyau, ba ta buƙatar mai ko ɗaya. Fatar sama tana sabunta kanta cikin kimanin wata ɗaya. Yarinyar da aka ɗauke wa aikin rana na makonni huɗu zuwa shida, tana cin abinci mai kyau, tana barci, tana shafa man kaɗanya ko man ridi ko man aduwa, duhun rana zai ragu da kansa. Hikimar tsare amarya a ɗaki ke nan tun asali. Abin da ya lalata lamarin shi ne gaggawa: ana so a yi aikin makonni shida cikin kwana goma. Babu wani abu mai lafiya da ke mai da baƙa fara cikin kwana goma. Duk haɗin da ya yi haka, akwai magani mai ƙarfi a cikinsa, ko da an kira shi dilka.

A nan ne raunin masu adawa yake. Da yawansu sun ɗauka cewa duk abin da aka ce na gargajiya ne to lafiya lau ne, kuma wannan zato yana cutar da amare. Wasu masu gyara suna matse bututun kortizon cikin kwaɓin dilka ko sabulun salo don kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amarya da uwarta ba su sani ba. Baƙin lalle da ake zane da shi yana yin baƙi nan take ne saboda an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda ba a yi shi don fata ba. Akwai waɗanda yake sa hannunsu ya kumbura ya yi bororo daidai da zanen, ya bar tabo. Lemun tsami idan aka shafa aka fita rana yana ƙona fata ya bar baƙin shaci na watanni. Halawa mai zafi tana sale jiki. Zaman hayaƙi da garwashi a rufaffen ɗaki yana iya sumar da mutum, kuma bai dace da mai asma ko mai ciki ba. Haka nan dogaro da doka kaɗai bai isa ba, domin ƙasashen da suka haramta mayukan ba su rabu da su ba har yau, balle kasuwar ƙauye da ke bakin iyaka.

Akwai amaryar da duka ɓangarorin kan manta da ita, wato zabiya. Fatarta ba ta da melanin ɗin da zai kare ta, rana ba ta sa ta duhu, ƙona ta kawai take yi, kuma dajin fata shi ne babban abin da ke barazana ga rayuwar zabiya a ƙasashenmu. Gyaranta inuwa ce, da tufafi masu rufe jiki, da man kariya daga rana mai lamba 50, da kwalliyar da ake wankewa da dare. Farar amarya da ba zabiya ba ita ma wannan ya shafe ta gwargwado: idan tana son launinta ya nuna, ta nema a kurkum da jan lalle da hoda, kada ta nema a rana.

Hukuncin da na ga ya fi kusa da gaskiya shi ne a daina tambayar ko na gargajiya ne ko na zamani, a koma tambayar inda abin yake tsayawa. Abin da ke zama a saman fata, ya ƙawata ta, ya goge da kansa cikin kwanaki, ado ne, kuma amarya tana da haƙƙinsa. Abin da ke shiga ciki ya kashe launi, ko ya ƙona fata don ta sauya, cuta ce ko wane suna aka ba shi. A kan wannan ma'auni, masu cewa a yi wa amarya gyara sun ci rabin muhawarar, masu cewa a bar mata launinta sun ci rabin da ya fi muhimmanci. A fara gyara da wuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A gwada kowane sabon haɗi a ɗan wuri a damtse, a jira kwana biyu. Kada a karɓi robar da ba ta da suna. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa kortizon kada ta yanke shi rana ɗaya, domin fata takan yi bore. Ta je asibitin gundumar Magarya ko likitar da ta fi kusa a tsara mata yadda za ta rage, idan abin ya yi tsanani a tura ta babban asibitin Damagaram.

Amma nauyin bai kamata ya tsaya a kan yarinya ba, domin ita ce mafi ƙarancin iko a cikin lamarin. Ango ya buɗe baki tun kafin a kai lefe ya ce yadda ya gan ta haka yake son ta, kuma kada a sa man bilicin a akwati. Uwar miji da ƴan uwansa mata su daina auna amarya da haske ranar buɗar kai. Mai gyaran jiki ta faɗi abin da ta zuba a haɗinta, amana ce aka ba ta. Limamai da malaman Islamiyya da gidajen rediyon yankin su yi maganar a fili a lokacin kakar aure, jami'an lafiya da na kwastan kuma su riƙa duba abin da ke shigowa kasuwanni. Iyaye mata, ku da kuka raini yarinyar nan da hannunku, kada ku bari a lalata mata fata a makonni biyun ƙarshe da za ta yi a gidanku. Ku kai ta ɗakinta da lafiyarta.